Sabuwar Ƙwarya a Fakon Tudun Aduwa

Masu karatu, ku matso kusa, yau da bakina zan tona wa kaina asiri. Ni Nasiba, wadda ta yi shekara uku tana karatun aikin gona, wadda ke hawa moto, wato babur, tana zaga ƙauyukan Buza tana koya wa manoma tazarar shuka, ni ce na tafka wautar da har gobe matan Tudun Aduwa ke ba juna labarinta a bakin rijiya. Kuma duk a kan ƙwaryar fura guda ɗaya.

Bari in fara daga Inna, don daga wurinta maganar ta taso.

Wata Juma'a ce na je gida Madawa. Ina zaune a inuwar darbejiyar tsakar gidanmu, ƙafafuna a ɗaure cikin lalle, ba halin tashi balle gudu. Inna ta san lokacin da take kama ni. Ta jawo kujerarta ta tsuguno, ta ajiye tiren albasar da take yankawa.

"Nasiba, iyayen Abdoulkadir sun sake aikowa."

Abdoulkadir ɗan aminiyarta ne, yana aiki a wani buro, wato ofis, a Yamai. Kada ku sa ran zan kushe shi, ba shi da abin kushewa. Yana da kunya, yana gaida manya, takalminsa kullum a goge. Sai dai duk lokacin da ya kira ni, ina sauraronsa ne ina ƙirga tsintsiyar ɗakina.

"Inna, ai na ce miki..."

"Ba ni yi miki dole. Ubanki, Allah shi jiƙan shi, bai yi ma kowa ba, ni ma ba ni yi. Amma mutanen ga na da mutunci, ba a aje su bakin ƙofa shekara guda. Shekarunki ashirin da takwas. In da wani, ki kawo shi in gan shi. In babu, ki bar ni in ba su amsa."

"Ki ba ni lokaci."

"Har yaushe?"

Na ɗaga kai. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu, damina kamar ba za ta taɓa zuwa ba. Sai na ji bakina ya ce, "Har ruwan shuka shi sauka."

"Na riƙe," in ji Inna, ta ci gaba da yankan albasarta.

Kun ji fa. Ba wanda ya shaƙe ni, ni na yanka wa kaina wa'adi. Kuma na yanka shi ne saboda mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa ce mini yana sona ba.

Sunansa Sufyanu. A furmasiyo muka haɗu, wato wani shiri na horar da matasan ma'aikata yadda ake jagorancin jama'a. Mu ashirin da huɗu aka zaɓo daga Madawa da Buza da Keita: malaman makaranta, ungozomomi, ma'aikatan gona irina. Kwana uku a kowane wata muke haɗuwa a Madawa. Shi jami'in kiwon dabbobi ne a Galma, ɗan makiyaya, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ya tashi jariri. Ranar farko ina cikin rubutu bik ɗina ya mutu, ya miƙo mini nasa ba tare da ya dube ni ba. Har yau yana cikin jakata.

Wata takwas muna musayar saƙo. Ga irin saƙonnin nasa, ku yi mini alƙalanci:

"Yau na yi ma shanun Galma allura. Wata saniya ta taka ni. Kin ci abinci?"

"Shamuwa ta iso nan. Kun gan ta can?"

"Ki riƙa sa malfa, rana ta yi yawa."

To fisabilillahi, mace za ta ɗauki saniya da shamuwa ta kai wa uwarta ta ce ga mijin da ta samu? Amma ni, sakarya, sai in karanta "ki riƙa sa malfa" sau goma, in kifa wayar a ƙirjina ina murmushi ni kaɗai.

Mai horar da mu, Madam Balkisu, mace ce mai tabarau da murya ƙasa-ƙasa, ba ta faɗa, amma in ta dube ka sai ka gyara zama. Ita ta ba mu aikin ƙarshe: kowa ya zaɓi gari, ya sa mutanensa su yi wa kansu wani aiki da hannunsu, ba lada, ba buhun shinkafa.

"In sun hito don ke kinka kira, kin zama jagora," in ji ta. "In ba su hito ba, ke ma'aikaciya ta kawai mai takarda."

Na zaɓi Tudun Aduwa, wani ɗan ƙauye ta wajen Babankatami. A bayan garin akwai fako mai faɗi, ƙasa ja ta ƙeƙashe, ruwa na sauka ya wuce ko ciyawa ba ya bari. Burina a haƙa masa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu na kallon tudu, su tare ruwa su riƙe taki, ƙasar ta farfaɗo. A tsakiyar fakon akwai aduwa guda, kuma a gindinta ne kaɗai ake samun rezon waya a duk garin. Nan nake zama da la'asar ina jiran saƙon saniya. In na lumshe ido sai in ga wurin ya koma kore shar, gero na rausaya, wani dogon mutum na tahowa ta tsakiyarsa da sanda a kafaɗa. Ba sai na faɗa muku ko wane ne ba.

Kiran farko, na yi shi irin na ƴan buro. Na rubuta sanarwa na manna a bangon makaranta, na sa aka yi shela da lasifika cewa ranar Talata akwai gayya. Na saka jile na shirin, wato ƴar rigar nan mara hannu, na ɗauki kaye, littafin rubutuna, da bik na tsaya a fako tun hantsi. Mutum uku suka zo. Ɗayansu ma akuyarsa yake nema.

Na koma masaukina na faɗa kan tabarma na sha kuka. Gwaggo Hamsatu, tsohuwar da ta sauke ni a gidanta, ta bar ni na ƙoshi, sannan ta zungure ni da muciya.

"Ke ɗiyag ga, tashi. Wa yac ce miki ana kiran gayya da takarda?"

"To da mi aka kira, Gwaggo?"

"Da ƙahwa. Aikin wa kinka taɓa zuwa garin ga? Rumbun wa kinka yaɓa? Kin zo da moto, kin gaida mu kina tsaye, kina son mu ɗauki diga mu bi ki."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Washegari na tuɓe jile na ɗaura zane. Sati uku ina bin Gwaggo gida-gida. Na ɗebo ruwan yaɓen rumbu har wuyana ya sage. Na taya masu jego daka, hannuna ya yi bororo, ƴan mata suna ta dariyar yadda nake riƙe taɓarya. Na je gaisuwar mutuwa, na je suna, na zauna a ƙasa na ci tuwon dawa da miyar kuka da hannu. Daga ƙarshe Gwaggo ta ƙulle goro a ganye ta raka ni wurin sarkin noma, na durƙusa na roƙi arziki. Ya daɗe yana juya goron a hannunsa.

"Alhamis," ya ce. "Hwakon Nasiba za mu."

Tun daga ranar kowa ke kiran wurin fakon Nasiba, kamar gadonsa na ci.

Amma jama'a, kwanaki na tafiya. Zafi ya kai maƙura, iska ta juya tana busowa daga kudu, da yamma gabas ta fara haɗa baƙi. Ku dubi halin da na shiga: ma'aikaciyar gona da ke roƙon Allah ya kawo ruwa saboda ramukanta, kuma ita ce in ta ji an yi cida sai gabanta ya faɗi. Inna ba ta sake tayar da maganar ba. Saƙon murya kawai take aiko mini: "An ce an yi yayyahi Sabon Gida." Shi ke nan, sai ta kashe.

Ranar Litinin na daure na rubuta wa Sufyanu: "Alhamis za mu yi gayya. Ka yi mini addu'a." Na ƙara: "Inna ta ce in ruwa ya sauka za ta ba mutanen Yamai amsa." Na goge. Na sake rubutawa. Na rufe ido na tura.

Ya karanta, na ga alama. Na zauna a gindin aduwa har rana ta yi ja. Abin da ya iso shi ne: "Allah shi kai mu Alhamis."

Na ce a raina, to Nasiba, kin ji. Tattara mafarkinki ki sa a jaka kusa da bik ɗinsa.

Alhamis tun da asuba mata suka hau dama fura a manyan robobi. Na yi wanka na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na ɗora jile a kai saboda Madam Balkisu za ta zo duba aiki, na kafa malfa bisa kallabi. Ina ƙoƙarin fita Gwaggo ta jawo ni ɗaki. Ta nuna mini wata sabuwar ƙwarya fara ƙal, an rufe ta da sabon faifai mai ja da kore, ga sabon ludayi a kai.

"Wagga ta babban baƙo ta. Da hannunki za ki kai ta. Kin ji ni?"

"Na ji, Gwaggo."

Ina na ji! Hankalina na kan igiyar awo da jerin sunaye.

Da na hau tudun, sai na tsaya cak. Garin kaf ya fito. Maza da diga a jere, mata da kwanduna suna kwasar ƙasa, makaɗin sarkin noma na zuba ganga yana kiran sunayen gidaje. Ƙasar da ta shekara arba'in ba ta ji ƙarfe ba ta fara buɗewa. Na tsaya ina kallon rabin wata na farko, na biyu, na goma, suna jeruwa a kan jan fakon, hawaye na zubo mini ban damu in share ba.

Wajen hantsi muka ji rurin motoci masu ƙafa biyu daga hanyar Galma. Samari ne kusan ashirin, kowa da rawani da sabuwar diga ɗaure a baya. A gabansu Sufyanu, cikin wata tsohuwar riga ruwan toka. Bai zo wurina ba. Kai tsaye ya wuce inda Gwaggo Hamsatu take, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ja mutanensa can ƙarshen fako inda dutse ya fi yawa, suka kama sara.

Sai mata suka ɗauki guɗa. Wata ta rangaɗa, wata ta karɓa, duk suna waigowa suna dubana suna dariya. Makaɗi ya sauya kiɗa. Ni kuwa na ce a raina, kai, mutanen nan suna son aikin raya ƙasa!

Me na yi? Na ɗauki kayena na bi shi har inda yake.

"Sannu da zuwa, abokin aiki. Na gode ƙwarai. Ka rubuta mini sunanka da na mutanenka da garinku, sabili da rahoto."

Ya tsaya da diga a hannu, zufa na bin gemunsa. Ya dube ni, ya dubi kayen. A hankali ya karɓi bik, nasa na da, ya rubuta. Ya miƙo mini, ya koma kan digarsa.

Da azahar aka busa hutu, aka fara rabon fura a kofunan roba. Daidai lokacin motar shirin ta tsaya, Madam Balkisu ta fito tana gyara tabarau, tana duban ramukan da suka kai ƙarshen ido. Sai maganar Gwaggo ta faɗo mini: babban baƙo. To wa ya kai Madam girma yau? Na ruga na ɗauko sabuwar ƙwarya, na ratsa tsakiyar jama'a da ita a hannu biyu. Na ga mata na buɗa mini hanya, na ga samarin Galma sun miƙe tsaye suna gyara rawani, na ga Sufyanu ya ajiye diga ya goge hannunsa a riga. Na wuce shi. Na durƙusa gaban Madam Balkisu na miƙa mata.

Ganga ta tsaya cak. Fakon nan mai ɗauke da mutum fiye da ɗari biyu ya yi tsit, har ina jin kukan kurciya a kan aduwa. Madam, baiwar Allah, ƙishi ya kama ta, ta buɗe faifai ta kai ludayi baki.

"Hurag ga ta yi daɗi. Nasiba, kin ci jarrabawa."

Kafin in yi godiya na ji an damƙi hannuna. Gwaggo ce, ta ja ni bayan aduwa kamar za ta tsinke mini kafaɗa.

"Ke wace irin ɗiya ta? Mi kinka yi haka?"

"Ke kinka ce babban baƙo..."

"Wayyo ni Hamsatu! Ke ɗiyam manoma, ba ki san gayyar surukai ba? Garin ga, in namiji ya kwaso abokai nai ya zo ya yi aiki gonar gidan ɗiya, aure ya zo nema. In tana so, ita ka kai mai hura da hannunta cikin sabuwar ƙwarya. In ta kai ma wani, ta ƙi shi ke nan, gaban kowa."

Na dafe kai.

"Amma Gwaggo, shi makiyayi na, ina yas san wannan?"

"Tambaya yay yi! Ran Talata ya zo nan kina wajen awo. Ya zamna tsakar gidana, ya ce shi baki nai nauyi gare shi, in gwada mai yadda manoma ka neman ɗiya. Na ce ubanta ya rasu, gonarta hwakon ga ta, ni ce uwatta nan. Shi baƙo ya koya, ke ƴag gida kin tsaya rubuta sunaye."

Na leƙa. Can ƙarshen fako samarin Galma na ɗaure digoginsu a bayan moto. Sufyanu na tsaye ya juya baya, yana kallon gabas. Ni ma na duba. Hadari ne ya taso baƙi ƙirin, ya cinye rabin sama, iska mai sanyi ta fara kaɗa zannuwan mata.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ba tsoron Yamai ba, tsoron ya tafi yana zaton na gane kuma na ƙi.

"Gwaggo, da sauran hura?"

"Dunƙule biyu. Nono kaɗan. Sabuwar ƙwarya kam babu."

Na cire jile na yar, na cire malfa. Na je gaban Madam Balkisu na sake durƙusawa.

"Madam, ki yi mini aikin gafara, ki ba ni ƙwaryar. Ba taki ba ta."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi matan da suka kewaye mu, ta dubi can inda motoci ke tashi. Mace ce mai saurin ganewa. Ta juye sauran furar a kofi ta miƙo mini.

"Yi sauri. Wannan ba ya cikin darasin da na koya muku."

Na tsuguna a ƙasa na ɗauraye ƙwaryar, na marmasa fura na zuba nono na hau damu. Rabon da in dama fura tun ina lakwal, wato makarantar boko. Ta yi gudaji, ta yi kauri, ko sukari babu. Na rufe da faifai na miƙe. Takalmina ɗaya ya tsinke a bakin wani rami, na bar shi nan.

Ban san yadda na ratsa fakon nan ba. Ina dai tuna ina zagaye ramuka ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya na tahowa daga nesa, ganga ta dawo a hankali a bayana. Ya riga ya hau moto. Wani abokinsa ya taɓa shi, ya ce masa wani abu da Fulatanci. Ya waigo.

Na durƙusa a kan tsakuwa na ɗaga ƙwaryar.

"Ta Madam ta, ko saura anka rage mini?" ya tambaya, bai sauko ba.

"Waccan Gwaggo tad dama. Wagga ni nid dama."

"Kin san abin da kike yi, ko shi ma sabili da rahoto na?"

"Ɗazu ban sani ba. Yanzu na sani. Kai ma da ka buɗe baki tun wata takwas, da ba mu sha ranag ga ba."

Abokansa suka fashe da dariya. Ya kashe moto ya sauko. Da ya miƙo hannu zai karɓa na ga tafinsa: duk ya kumbura ya fashe, jini ya bushe a gindin yatsu. Mutumin da ya saba da sanda da allura ne ya wuni yana sarar dutse. Ya sha ludayi ɗaya, ya tauna gudaji, ya sha na biyu.

"Ba ki iya damu ba," ya ce.

"Kai ma ba ka iya diga ba."

Guɗar da ta tashi, na tabbata an ji ta har Babankatami. A cikinta ne ɗigon farko ya faɗo a kan faifai, na biyu a goshina. Muna takowa zuwa gindin aduwa sai wayata ta yi ƙara a ƙugu. Saƙon murya ne daga Inna, ana jin ruwa na dukan kwanon ɗakinta:

"Nasiba, ruwa ya sauka Madawa. Mi za ni ce ma mutane?"

Na danna na ce, "Inna, ki ba su haƙuri. Ki tanadi tabarmi, baƙi na nan tahe daga Galma."

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo. Muryar Inna ta sauya, ta koma irin wadda take yi in tana duba ƙwai a kasuwa.

"Galma? Ɗan wane gida na? Mi uwaye nai ka yi?"

Na san Inna, na san abin da take son ji, kuma na san ba shi zan faɗa ba. Na tsaya riƙe da waya, ruwa na sauka sosai yanzu, ramukan farko sun fara cika suna ƙyalli. Sufyanu ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya buɗe tafukan hannunsa a gabana, ruwa na wanke jinin.

"Ɗauki hoto ki aika mata," ya ce. "Ki ce ɗan masu shanu na. In tana da gona, ta gwada mini inda take, Alhamis mai zuwa ina tahe."